Sati Mai Zuwa, Baba

Shafi na 17

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Kwana biyar ina ɗaukar wayar ina ajiyewa, don wannan shafin ba shi da daɗin rubutawa. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuta cewa tun shafi na ɗaya nake wanke kaina, na gani, kuma ban goge ba. Kin yi gaskiya. Yau babu wanki.

Wanda ya shigo yanzu, ga inda muke. Ni ma'aikacin kamfanin inshora ne, aikina yi wa motoci kuɗi. Shekara shida da suka wuce na sayi motar tsere, shuɗiya, mai kujera biyu, ba don in hau ba, sai don in ajiye ta ta yi daraja. Na kulle ta a ɗakin mota na gidana, na lulluɓe ta da tamfol. Mahaifina tsohon makanike ne, a wurina yake zaune, kuma abu ɗaya tak ya roƙe ni a shekarun nan: mu fita da ita, ni da shi, ko sau ɗaya. Amsata ba ta taɓa canzawa ba: "Sati mai zuwa, Baba." Wata bakwai ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar Alhamis na sa hannu a takardar ciniki da wani likita, da sharaɗin makanikensa ya duba ya ce ta yi. Mun tsaya a safiyar Asabar, lokacin da suka iso da janwe, motar ɗaukar motoci, don a ɗauke ta a kai wani gari mai nisa ba tare da tayarta ta taɓa kwalta ba.

Na yaye tamfol ɗin da kaina, a hankali, ina wani hura hanci.

"Likita, duba fenti," na ce. "Na kamfani ne. Giyar hannu ce, irin wadda masu abin ke nema ido rufe. Kaɗan aka ƙera masu wannan launin. Ko kusa ɗaya ba a canza mata ba. Takardunta ga su a jere. Dubi kujerar gefe, ledar da na saye ta da ita har yau tana nan. Sannan ga uwa uba."

Na buɗe ƙofa na nuna masa mita mai ƙirga nisan tafiya.

"Dubu huɗu da ɗari da goma sha biyu."

Likita ya gyara tabarau ya leƙa, ya yi murmushi.

"Ka iya ajiya, ba ƙarya," ya ce. Ya waiwaya. "Kunne, bismillah."

Makaniken nasa wani siririn dattijo ne mai furfura a gemu. Kunne kowa ke ce masa, wai don yana jin ciwon inji tun kafin ya buɗe bonet. Bai ko kalli fentin da nake taƙama da shi ba. Ya tsuguna ya shafa taya da tafin hannu. Ya zaro sandar duba mai, ya goga a yatsa, ya shinshina. Sannan ya tayar da motar, ya rufe ido, ya tsaya kamar mai sauraron labari.

"Yallaɓai," ya ce, idonsa a rufe, "ka ce shekara shida tana tsaye?"

"Tsaye cik. Duk ƙarshen wata nake tayar da ita ta yi minti biyar, in ɗauki hoton mita, in rufe."

"Hmm."

Wannan "hmm" ɗin ya ba ni haushi, wallahi. Ni da na yi wa motoci sun fi dubu kuɗi, wani zai tsaya a gidana yana yi min "hmm"?

Ya ɗauko 'yar na'urarsa daga jaka, ya jona a ƙarƙashin sitiyari, ya yi ta latse-latse. Can sai ya daina. Ya miƙa wa Likita, ba ni ba.

"Mene ne?" na ce.

Likita ya ƙura wa na'urar ido.

"Ku yi magana mana! Mene ne?"

Kunne ya ce, "Mita ta ce dubu huɗu. Ƙwaƙwalwar inji ta ce dubu goma sha tara da ɗari uku."

Na leƙa na'urar da kaina.

Likita ya cire tabarau ya ninke. Murmushin nan ya tafi.

"Kai da aikinka kama masu juya mita?" ya ce. "Kai?"

"Likita, wallahi tallahi..."

"Kar ka rantse. Na tsani a rantse min a kan ƙarfe."

"Na'urar ce ta lalace! Ko kuma wanda ya sayar min ne ya cuce ni tun farko!"

Kunne ya girgiza kai.

"Na'urata ba ta san ka ba, Yallaɓai, balle ta yi maka ƙage. Kuma ko ba na'ura, ga taya nan ta faɗa. Tayoyin nan sun ci kwalta sun ƙoshi. Kai mita kawai kake kallo, shi ya sa ba ka gani ba."

"To wa ya hau ta? Aljani?"

"Ni dai abin da na sani zan faɗa. Motar da ta yi shekara shida a tsaye, robobinta bushewa suke su tsattsage. Taya ta kwanta gefe ɗaya. Birki ya kama. Mai ya yi tsami a tanki. Da haka wannan take, da ko rabin kuɗin ba zan bari Likita ya bayar ba. Amma saurari injin nan. Ana fita da ita, ana yi mata juyen mai a kan lokaci, kuma mai tuƙa ta bai taɓa wahalar da kuloci ba. Ko wane ne, ya san mota, kuma yana son wannan."

Ya kashe ta. Ya kunna tocila, ya kwanta da baya a ƙasan sitiyari, ƙafafunsa a waje.

Minti ɗaya. Biyu. Uku.

"Kunne, lafiya?" in ji Likita.

Ya fito a hankali ya zauna a bakin ƙofar motar. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Yallaɓai, wa ke taɓa maka motar nan?"

"Na ce maka babu kowa."

"Durƙusa ka gani."

Na durƙusa da fararen kayana. Ya haska min wata siririyar waya a bayan mita. An raba ta biyu, an sa mata abin jonawa, an naɗe da baƙin salatif.

"Wannan ce ke kai wa mita labarin tafiya," ya ce. "A cire ta, a je ko ina a dawo, mita na barci. A mayar, shi ke nan. Wannan ba abin mamaki ba ne, yara ma sun iya. Bakin salatif ɗin nake so ka duba."

Na duba. An lanƙwasa ƙarshensa an bar wata 'yar jela.

"Duk makaniken da ka sani, in ya gama naɗi sai ya ja ya tsinke ya manne bakin. Wanda ya zo bayansa ya yi ta kankara da farce yana zagi. Mutum ɗaya na sani a duniya da yake lanƙwasa bakin haka. Cewa yake, ka tausaya wa wanda zai zo bayanka. Shekara tara na yi a hannunsa. Ya taɓa sa ni na kwance naɗi arba'in a rana ɗaya don na manta jela."

Na sake kallon 'yar jelar.

"Tsohon Hannu muke ce masa," Kunne ya ci gaba. "Garejinsa na bayan tsohuwar tashar manyan motoci. Tun da ya rufe na rasa inda ya shiga. An dai ce ɗansa ya ɗauke shi, wani mai aikin ofis, wanda ba mu taɓa ganin ƙafarsa a garejin ba ko sau ɗaya."

Jama'a, in da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

"Amma abu ɗaya ya dame ni," ya ce. "Naɗin ya karkace. Maigidana ba ya naɗi a karkace. Wannan kamar da hannu ɗaya aka yi shi."

Na ji ƙarar kofuna a bayana. Matata ce tsaye a ƙofar da ta haɗa ɗakin mota da cikin gida, riƙe da tiren ruwa.

Na miƙe.

"Maman yara."

"Na'am."

"Kin san wani abu a kan wannan?"

Ta ajiye tiren a kan tsohuwar kujerar da ke gefe. Ba ta kalle ni ba.

"Magana nake miki!"

"Na ji ka, Abban yara. Baƙi ne a gabanmu."

"Baƙin sun riga sun ɗauke ni ɓarawo! Wa ya fita da motata?"

Sai ta ɗago. Shekara goma sha huɗu muna tare, ban taɓa ganin wannan kallon a idonta ba.

"Baba ne," ta ce. "Duk Talata da Alhamis, ƙarfe goma, bayan ka tafi ofis. Ni nake buɗe masa ƙofa. Ni nake rufewa. Ni nake share sawun taya da tsintsiya kafin ka dawo. Man da ya ƙona shi yake mayarwa daidai inda allura take. Shekara biyar. In duka ne, ga ni."

"Shekara biyar kuna cin amanata a cikin gidana?"

"Amana?" Ta yi wata dariya mara daɗi. "Kai ne za ka yi maganar amana? Sau nawa tsohon nan ya sa hularsa ranar Asabar ya zauna a kan kujerar nan yana jiranka? Sau nawa? Ka fito da makulli a hannu, ya miƙe tsaye, ka tayar da ita, ka ɗauki hoton mita, ka kashe, ka ce sati mai zuwa. Ya cire hular ya koma ɗaki. Ni nake ganin bayansa, ba kai ba."

"Ai na yi masa bayani! Kowace tafiya rage mata kuɗi take!"

"Shi ma ya yi maka bayani. Ka ji?"

Ban ji ba. Gaskiya ɗaya ce, ban ji ba.

Ranar da za mu saya tare muka je. Ni na tafi da takardu shafi goma sha biyu, na tsara wace mota ke riƙe darajarta, wace ke zubarwa. Baba ya tafi da kunnensa da tafin hannunsa. Motoci biyu ne, ja mai canza giya da kanta, da wannan shuɗiyar. Ni jar nake so. Baba ya ɗora hannu a kan injin kowacce, ya ce, "Manaja, shuɗiyar. Nan da shekara goma ita za a nema." Manaja yake ce min tun ina aji uku, don wai ba na son datti a hannu. A hanyar dawowa ya ce, "Amma ka sani, mota ba gwal ba ce. Gwal ake kullewa. Ita numfashi take so." Na yi dariya na ce, "Baba, zamani ya canza, yanzu mita ake saye."

"Wata shida ya yi yana kallonta a tsaye," matata ta ce. "Ranar nan ya kira ni ya nuna min ɗigon mai a ƙasa. Ya ce, 'yata, motar nan ta fara mutuwa, kuma duk abin da yaron nan ya tara a cikinta yake. In na faɗa masa ba zai ji ba, shi mai takarda ne, ni mai baƙin hannu. Ki buɗe min ƙofa."

Kunne ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin riga.

"Yana raye?" ya ce. "Hajiya, maigidana yana raye?"

"Yana ciki. Ga tagarsa can."

Na ce, "To naɗin? Me ya sa ya karkace?"

Ta kalli baƙin.

"Maman yara, me ya sa ya karkace?"

"Ka tabbata kana so ka ji a gaban mutane?"

"Faɗi."

"Ranar da ciwon ya same shi, na ce maka a bakin banɗaki ya faɗi."

"Haka kika ce."

"Ƙarya na yi. A nan ne. Ya dawo, na rufe ƙofa na shiga ciki. Na ji shiru ya yi yawa, na fito. Na same shi a kwance inda bawan Allahn nan ya kwanta yanzu, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Na yi ihu na kama shi zan jawo shi. Ya ture ni da hagu. Wayar nan yake jonawa. Da hannu ɗaya da haƙori ya naɗe ta. Ina kuka ina roƙonsa, bai bari na taɓa shi ba sai da ya lanƙwasa bakin."

"Innalillahi..." na ce.

"Ban gama ba. Na jawo shi waje, zan ruga in kira maƙwabta, ya riƙe min zani. Yana nuna tamfol. Magana ba ta fita, yana ta nuna tamfol. Sai da na lulluɓe motar, na share sawun taya, na jawo shi har cikin gida, sannan ya sake ni."

"Minti nawa?" Likita ne ya tambaya, a hankali.

"Ban duba agogo ba. Zai yi ashirin. Ko ya fi."

Likita ya kawar da kai ya kalli bango. Ni ma na san abin da minti ashirin ke nufi a irin wannan ciwon, don likitocin asibiti sun faɗa min tun a ranar.

"Tsorona yake ji?" na ce. "Mahaifina tsorona yake ji?"

"Ba tsoro ba ne. Ba ya so ka ga lambar nan ta motsa ranka ya ɓaci. Ya san ta fi maka komai."

Ta juya ta shiga gida. Na ɗauka ta tafi ke nan. Sai ga ta ta dawo da wani ɗan littafi mai baƙin bango, duk gefensa tabon mai. Ta wuce ni ta miƙa wa Likita da hannu biyu.

"Ya ce duk ranar da za a sayar, in ba mai saye, hannu da hannu. Ya ce ɗansa ba zai ci haram ta dalilinsa ba. Tun Alhamis nake juya shi a ƙarƙashin matashi, na rasa ta inda zan fara. Da ba a gano ba ma, da ba za ku fita ƙofar nan ba sai na ba ka."

Likita ya buɗe. Ya duba shafi ɗaya, biyu, ya tsallaka tsakiya, ya je ƙarshe. Ya miƙa wa Kunne.

"Dubu goma sha tara da ɗari uku," in ji Kunne. "Daidai da na'ura. Da alamomin bakin hanya yake ƙirgawa, haka ya koya mana. Ga ranar kowane juye. Ga ranar da ya juya tayoyi. Ga man birki. Allahu akbar, Tsohon Hannu."

Sannan ya miƙo min.

Rubutun Baba ne, manyan baƙaƙe masu jingina da juna. Kowane layi kwanan wata, nisan tafiya, da abin da ya yi mata. Amma nan da can akwai 'yan kalmomi a gefe. Zan rubuta muku kaɗan yadda suke, ban gyara ba.

"Ta yi tari da safe, da ta ɗumama ta ware."

"Hanyar bayan gari an gyara. Manaja zai so ta."

"Asabar na tambaya. Ya ce sati mai zuwa."

"Na ga wani da ɗansa a mota suna dariya. Na bi bayansu har mahaɗa."

"Ya ce sati mai zuwa. Aiki ya yi masa yawa, Allah ya taimake shi."

"Kujerar gefe ban taɓa ba, ko hula ban ɗora ba. Ta Manaja ce."

A nan na tsaya.

Shekara shida ina zaton so yake in ɗauke shi. Ashe shi yake so ya ɗauke ni, kamar da, lokacin da yake ɗora ni a gefensa in ya fita gwajin motar da ya gyara, ina riƙe da kwalbar lemo, kafin in girma in fara jin kunyar abokaina su gan ni a mota mai warin baƙin mai. Da na sani ƙeya ce, haka ake cewa, kuma ranar na san nauyinta. Na zauna a kan kujerar da yake jirana a kai, na yi kuka a gaban matata da baƙi biyu da direban janwe da ke leƙe ta ƙofa. Ban ji kunya ba, ta riga ta ƙare.

Likita ya bari na lafa, sannan ya ce, "Kunne, me ka ce? Ta yi?"

"Likita, irin wannan sau ɗaya ake samu. Littafin nan kaɗai ya fi mitar daraja. Ta yi."

"To shi ke nan. Na saya, a kuɗin da muka yi, ban rage ko sisi ba. Ka yafe min zargin da na yi maka."

Da jiya ne aka faɗa min haka, da na yi rawa. Lissafina ya fita, har da riba, kuma ba ni na fitar da shi ba.

Na miƙe da sauri.

"Likita, ai ciniki ya warware. Lambar da ke cikin takarda ba gaskiya ba ce."

"Ni aka yi wa sharaɗin, ni zan ce ya warware. Ban ce ba."

"Don Allah."

"Shekara uku ina neman irinta. Kai da bakinka ka ce min mai hankali ba ya haɗa ciniki da son zuciya. Ranar Alhamis ka faɗa, kana dariya."

Na faɗa. Wallahi na faɗa.

"To ka bar min ita zuwa sati mai..."

Na kasa ƙarasawa. Matata ta rufe baki da gyale.

Likita ya dube ni ya daɗe. Ya dubi tagar Baba. Sannan ya duba agogo.

"Mai janwe yana da wani aiki da rana, kuma hanyarmu da nisa. Awa ɗaya zan iya ba ka. Ka ɗauke shi ku zaga. Kar ka cire wayar, bar mita ta ƙirga. In sha biyu ta yi, za a ɗora ta."

Ban tsaya godiya ba. Na zagaya na buɗe ƙofar gefe, na kama ledar nan da na yi shekara shida ina hana yarana taɓawa, na yage ta. Kunne ya tura kujerar baya iyakarta, ya ce shi zai kama ƙafafu in kama kafaɗu, za a iya. Matata ta ruga ta ɗauko matashi biyu.

Na ɗauki makullin na shiga gida.

Ɗakin Baba na ƙarshen baranda. Na tarar da shi a keken guragu a jikin taga, inda matata ke ajiye shi kowace safiya. Sai a ranar na lura cewa daga tagar nan ana hango ƙofar ɗakin mota sarai. Ya ga janwe. Ya ga an yaye tamfol. Ya ji ƙarar injin. Hularsa tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, ta yi ƙura.

Na ɗauko ta na kaɗe. Na durƙusa a gabansa.

"Baba."

Ya juyo da ido.

"Baba, na ga littafin. Na ga salatif. Yaronka Kunne yana waje, shi ya gane naɗinka."

Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

"Ka yi gaskiya, Baba. Numfashi take so. Ni ne ban ji ba. Ka yafe min."

Na kamo hannunsa na hagu, na sa masa makullin a tafi, na rufe yatsunsa a kai.

"Mu fita yanzu, ni da kai. Hanyar bayan gari, wadda ka ce zan so. Ni zan tuƙa, kai ka riƙa yi min faɗa in na wahalar da kuloci. Awa ɗaya gare mu, Baba. Awa ɗaya kawai."

Ya kalli makullin. Ya shafa shi da babban yatsa, ya daɗe yana shafawa. Ya kalli hular a hannuna. Ya kalle ni.

Tun da ciwon ya same shi, kalmominsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma kowacce sai ya yi kokawa da ita. Na ga maƙogwaronsa yana motsi. Na matso da kunnena.

Ya jawo hannuna, ya buɗe tafina, ya mayar min da makullin, ya rufe yatsuna a kai kamar yadda na yi masa.

"Manaja," ya ce.

"Na'am, Baba."

"Sati... mai zuwa."

A waje, direban janwe ya fara sauke sarƙa.